Darasi na 14: Taurari da Duniyar Labari a Ƙagaggen Labarin Al'ajabi Mai Duhu

A darasin da ya gabata mun tattauna jigo da zubi. Yau za mu ɗauki abubuwa biyu da mai karatu ya fi saurin yabawa ko kushewa idan ya ajiye littafi, wato taurarin labarin da kuma duniyar da marubuci ya gina musu. Sau da yawa za ka ji mutum ya ce wane tauraro ya burge shi, amma da ka tambaye shi dalili sai ya yi ta kame-kame. Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya iya faɗin dalilin, ya kuma nuna wurin da ya samo shi a cikin littafin.

Littafin da za mu yi aiki da shi sunansa The Blade Itself, na Joe Abercrombie, wani marubuci ɗan Ingila da aka haifa a garin Lancaster a 1974. Kamfanin Gollancz ne ya buga shi a 2006. Shi ne na farko a jerin littattafai 3 da ake kira The First Law. Na biyu, Before They Are Hanged, ya fito a 2007, na uku kuma, Last Argument of Kings, a 2008. Da Ingilishi aka rubuta su, amma ba dole sai kun karanta su ba kafin ku bi darasin, domin za a kawo muku duk abin da ake buƙata. Wanda ke da niyyar karantawa nan gaba ya yi haƙuri, za mu tona wasu asiran labarin.

Wane irin labari ne wannan?

Labarin al'ajabi ba baƙo ba ne wurin mai karatun Hausa. Gandoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933, ya kai jaruminsa har ƙasar aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa cike yake da jarumai da abubuwan mamaki. Ga kuma littattafan yaƙi na zamanin nan, masu sadaukai da bokaye da takubban tsafi, waɗanda wasu ke karantawa a takarda wasu kuma ke sauraro a waya. A galibinsu, tun daga shafin farko ka san wanda za ka goyi baya, ka kuma san cewa komai daren daɗewa shi zai yi nasara. Haka abin yake a Turai ma a shahararren littafin Tolkien, The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955: nagari a gefe guda, mugu a ɗaya gefen.

Daga baya wasu marubuta suka bi wata hanya. Michael Moorcock ya fito da Elric a 1961, wani sarki raunanne da takobinsa ke shan rayukan mutane har da na masoyansa. Glen Cook ya rubuta The Black Company a 1984, labarin sojojin haya masu yi wa azzalumai aiki. George R. R. Martin ya biyo da A Game of Thrones a 1996, wanda da yawa suka fi sani ta fim ɗin talabijin da aka fara nunawa a 2011. Irin waɗannan ake ce wa labarin al'ajabi mai duhu. Kada ku ɗauka yawan jini ne duhun, domin ko a Gandoki an zubar da jini ba kaɗan ba. Abin da ya sa ya yi duhu shi ne a cikinsa kirki ba ya sa mutum ya tsira, mugunta ba ta hana mutum ci gaba, shi kansa jarumin kuma abin a ji tsoronsa ne.

Wannan ya jefa marubucin cikin matsala. Ya zubar da hanya mafi sauƙi ta riƙe mai karatu, wato ba shi mutumin kirki ya bi. To da me zai riƙe shi shafi ɗari biyar? Amsar tana wurin yadda ya ƙera taurarinsa.

Glokta, mai azabtarwa da aka azabtar

Sand dan Glokta shi ne tauraron da akasarin masu karanta littafin ba sa mantawa da shi, saboda haka za mu daɗe a kansa. Yana saurayi shi ne zakaran takobi na ƙasar da ake kira Tarayya. Ya ci gasar takobi da ake yi duk shekara a Adua, babban birnin ƙasar, ya zama kanar a soja, ga kyau ga asali ga girman kai. A yaƙin da aka yi da daular Gurkhul ta kudu, ya tsaya kare wata gada, aka kama shi. Shekara 2 ya yi a kurkukun abokan gaba. Da aka sako shi, an cire masa haƙora ta yadda na sama da na ƙasa da suka rage ba sa haɗuwa, ƙafa ɗaya ta lalace, bayansa ya karkace. Yana da shekara 35 amma da sanda yake jan jiki, abincinsa bai wuce kunu da romo ba. Aikin da ya samu bayan ya dawo shi ne jami'i a hukumar bincike ta sarki, a wani gini da ake kira Gidan Tambayoyi, inda ake azabtar da mutane har su sa hannu a takardar amsa laifi.

Ku kwatanta shi da Iliya. Iliya ya fara rayuwa a nakashe, aka warkar da shi, ya zama sadauki. Glokta ya fara a sadauki ya ƙare a nakashe, babu kuma wani baƙo mai albarka da zai zo ya tashe shi. Marubucin ya ɗauki hanyar da muka saba ya juya ta baibai.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci: yaya aka yi mai karatu ke jin wannan mutum a ransa, alhali aikinsa yanke yatsun mutane ne? Dabarar farko ita ce an fara nuna mana jikinsa kafin a nuna mana aikinsa. Farkon haɗuwarmu da shi, yana tafe ne a wani dogon lungu yana jan ƙafa, sai ga matakala a gabansa. Abin da lafiyayye zai sauka bai ma lura ba, shi a wurinsa fagen fama ne, har yana raya wa ransa cewa da zai samu wanda ya ƙirƙiro matakala da ya gwada masa sana'arsa. Kafin ya isa ɗakin da fursuna ke jira, mun riga mun sha wahalar saukowa tare da shi, mun kuma yi dariya. Daga baya ana nuna mana safiyarsa: yadda yake farkawa jiki a sandare, wani lokaci ya ɓata shimfiɗarsa, sai tsohon baransa ya ɗaga shi zuwa wanka. Ba a ce mana mu tausaya masa ba, an dai ajiye mu a cikin ɗakin.

Dabara ta biyu ita ce murya biyu. Abin da Glokta ke faɗa da baki daban, abin da yake faɗa a zuci daban, kuma ana buga na zucin da karkataccen rubutu don mai karatu ya bambance. Yana gaban maigidansa Sult, shugaban hukumar, bakinsa na zuba ladabi, zuciyarsa na yi wa mutumin ba'a, tana kuma lissafa yadda za a tsinci gawarsa a bakin ruwa ranar da amfaninsa ya ƙare. Duk wanda ya taɓa yin aiki ƙarƙashin shugaban da yake tsoro ya san wannan hali. Da yake mu kaɗai muke jin muryar ta biyu, sai mu zama abokan sirrinsa, kuma wanda ya ba ka sirrinsa da wuya ka ƙi shi gaba ɗaya.

A nan ne marubucin ya ɗana tarko. Mutumin farko da muka ga Glokta ya matsa wa, Salem Rews, attajiri ne da ya kauce wa harajin sarki, kuma tsohon idon sani ne a wurinsa. To wannan da laifinsa. Amma Sult ya umarci a sa sunan Teufel, shugaban gidan buga kuɗi, cikin waɗanda Rews zai ambata, domin kawai yana son kawar da shi. Glokta ya san haka sarai, ya kuma ɗauki wuƙar fawa ya sa Teufel ya amsa laifi. Mai karatu da ke dariya ɗazu sai ya tsinci kansa yana goyon bayan mai zalunci. A ganina wannan rashin natsuwa da ake jefa mai karatu ciki ita ce abu mafi daraja a littafin. Shi ma Glokta yana yawan tambayar kansa abin da ya sa yake wannan aiki, kuma marubucin bai ba shi amsa mai wanke shi ba.

Akwai wani ɗan wuri da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Glokta ya yi shekaru yana ƙullace da tsofaffin abokansa, a zatonsa babu wanda ya leƙo shi lokacin da ya dawo a ragargaje. Sai wata rana abokinsa na soja, Collem West, ya gaya masa cewa shi ya zo, mahaifiyar Glokta ce ta mayar da shi daga ƙofa, saboda shi talaka ne ba ɗan sarauta ba. A 'yan layuka kaɗan mun ga ɗacin ran mutumin ya tsage, mun kuma koyi wani abu game da ƙasar: wuri ne da uwa za ta gwammace ɗanta ya kwanta shi kaɗai da ɗan talaka ya shigo mata gida. Ku lura da kyau, fage guda ya yi aiki biyu, ya gina tauraro ya kuma gina duniya. Za mu dawo kan wannan.

Sauran taurari

Logen mai yatsu tara ɗan Arewa ne, ƙasar sanyi da duwatsu. Shi ne ya fi kama da sadaukin da muka sani, mai kirari da tabon yaƙi ko'ina a jiki. Sai dai mutumin da muka haɗu da shi gajiyayye ne, an kashe iyalinsa, ya rabu da abokan tafiyarsa, abin da ya fi damunsa shi ne takalmi da abinci. Yana da wata tsohuwar tukunya da ya daɗe yana yawo da ita. Da wani almajirin boka da suke tafe tare ya kwanta zazzaɓi a daji, sai Logen ya ajiye tukunyar don ya iya saɓa yaron, har yana yi mata ban kwana kamar mutum. Wannan tukunya ta fi kowane dogon bayani nuna mana halinsa. Amma kuma ana ta jin mutanen Arewa na ambaton sunansa cikin firgici, mai karatu na mamakin dalili, sai can kusa da ƙarshen littafin aka ga abin da ke fitowa daga cikinsa idan faɗa ya kai maƙura: wani mahaukacin makashi wanda ba ya bambance aboki da maƙiyi. Jinkirin da aka yi kafin a nuna wannan shi ya ba shi nauyi.

Jezal dan Luthar kuwa matashin hafsa ne ɗan gata, mai son madubi da caca, mai raina na ƙasa da shi. Shi ne a wani littafin zai zama jarumi. A nan ya ci gasar takobi ne saboda an taimake shi da sihiri ba da saninsa ba, ya kuma tafi yana ganin ƙwazonsa ne.

Wanda ya taimake shin shi ne Bayaz, shugaban bokayen duniyar, maigidan almajirin nan da Logen ya saɓa. Ranar da Logen ya isa gidansa, ya ga wani dattijo mai farin gemu da doguwar riga ya nufe shi da gaisuwa, ashe wannan bara ne. Bayaz shi ne ƙaton mai sanƙon da ke gefe yana fawa, jini a hannu. Da suka shiga Adua kuma sai da ya je shagon masu wasan kwaikwayo ya sayi rigar bokaye, domin ya san mutanen birni ba za su yarda da shi ba sai sun ga kaya. Abin dariya ne, amma gargaɗi ne kuma. Mutumin da aka fara nuna maka yana yanka nama, ka sa masa ido.

Duniyar da ba a zana mata taswira ba

Littattafan al'ajabi na Turai sun saba buɗewa da taswira, a bi da tarihin sarakuna da jerin zuriya. Abercrombie ya fitar da waɗannan littattafai 3 ba tare da taswira ba. Kafin ya zama marubuci aikin tace hotunan fim yake yi, kuma ana ganin alamar haka: ba ya tsayar da labari don ya yi lacca, sai dai ya sa ka ga wuri ta idon wanda ke tsaye a cikinsa. Adua a idon Jezal gida ne mai daɗi. A idon Logen, wanda bai taɓa ganin birni irinsa ba, wuri ne mai zafi da cunkoso inda mutane ke wuce mabaraci ba su dube shi ba. A idon Glokta kuwa tarin matakala ne da mutanen da za a iya kamawa. Birni ɗaya, amma sai ka haɗa ukun kafin ka san shi.

To me muka koya game da ƙasar Tarayya ta wannan hanya? Sarki Guslav na Biyar ya tsufa ya rikice, ana ɗaukarsa a kujera yana gyangyaɗi. Mulki na hannun wata ƙaramar majalisa ta manyan fadawa masu cin dunduniyar juna. Tsofaffin gidajen sarauta na jin haushin 'yan kasuwar da suka yi kuɗi, shi ya sa Sult ya saki Glokta a kan ƙungiyar fataken tufafi. Akwai fagen da wani manomi ya zo fada da kuka an kore shi daga gonarsa, babban bafade na shan giya ya sallame shi da wulaƙanci. Duk wannan ba a jera mana shi a babi guda ba, a hanya muke tsintarsa.

Sannan ga kuɗi. Lokacin da Glokta ya rutsa shugaban fataken, kafin mutumin ya rataye kansa ya ce masa ya je ya binciki wani banki mai suna Valint da Balk. Da Glokta ya kai maganar sama, aka ce ya bar ta. A littafi na biyu, yana kare birnin Dagoska da aka yi wa ƙawanya ba ko sisi a baitulmali, sai ga wakilin bankin da dukiya ta miliyan 1 na kuɗin ƙasar, ba a nemi komai ba sai sa hannu da alkawarin wata alfarma nan gaba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A littafi na uku ne ake gane cewa Bayaz ne mai bankin, kuma sarakuna da yaƙe-yaƙen ƙasar duk 'ya'yan dararsa ne a wata tsohuwar gaba tsakaninsa da wani ɗan'uwansa boka. Wanda ya koma ya sake karanta littafin farko zai ga an shuka alamun tun can, har da kujerar da aka bari ba kowa a majalisa shekaru aru-aru ana jiran mai ita.

Sihirin duniyar ma yana da doka da farashi, kuma daga nan jerin ya samo sunansa. Doka ta farko ta hana taɓa duniyar shaiɗanu kai tsaye, ta biyu ta hana cin naman mutum. Ana kuma gaya mana sihiri na ƙafewa daga duniya, shi ya sa duk lokacin da Bayaz ya yi wani babban aiki da shi sai ya galabaita. Wannan ne dalilin da ya sa mai dabara irinsa ya koma ga bashi da siyasa. Ga abin dubawa a kowane labarin al'ajabi: idan boka na iya yin komai a kowane lokaci ba tare da ya biya komai ba, labarin ya rasa abin da zai sa zuciyar mai karatu ta buga.

Inda ginin ya yi rauni

Yabon littafi ba ya hana a ga aibinsa. Daular Gurkhul ba ta samu kulawar da Tarayya da Arewa suka samu ba. Hamada ce da bayi da runduna marar iyaka, ana juya ta da sunan addini ƙarƙashin wani boka mai da'awar annabci, wato Khalul, abokin gabar Bayaz. Mai karatu daga ƙasashenmu zai gane cewa an ɗebo kayan ginin ne daga tsohon hoton da Turawa ke da shi na mutanen Gabas. Ana iya kare marubucin da cewa a ƙarshe ya nuna Bayaz bai fi Khalul tsarki ba. Duk da haka, kusan duk abin da muka sani game da daular daga bakin maƙiyanta muka ji shi, musamman Ferro, wata baiwa da ta tsere wadda ba abin da ke ranta sai fansa.

Mata ma ba su da yawa a labarin. Ferro ce kaɗai macen da ake shiga zuciyarta a kai a kai, kuma ta daɗe tana kaɗa ganga ɗaya ta fushi. Ardee, ƙanwar West, tana da kaifin baki da basira, amma kullum ta idon maza muke ganinta. Littafin farkon kuma bai da ƙarshe na kansa. Yana tsayawa ne daidai lokacin da wasu daga cikin taurarin za su fara wata doguwar tafiya, abin da kan ba wasu haushi, kuma suna da gaskiyarsu.

Aikin aji

Ku kasu gida uku ko huɗu. Kowane rukuni ya zaɓi tauraro ɗaya daga wani littafin Hausa da kuka karanta ko kuka saurara, ko Gandoki ne, ko Iliya, ko wani sadauki daga littattafan yaƙi. Ku nemo abu ɗaya a jikinsa, ko a kayansa, ko a ɗabi'arsa, wanda ke gaya muku wani abu game da ƙasar da yake zaune ciki, kamar yadda korar West daga ƙofa ta nuna matsayin talaka a Tarayya. Idan kun rasa, ku tattauna ko rashin ya rage wa labarin wani abu.

Bayan haka kowa ya amsa wannan a littafinsa, cikin layi 10 zuwa 15: da a ce an fara nuna mana Glokta yana yanke yatsun Teufel kafin a nuna shi a kan matakala, me zai canza a yadda kuke kallonsa?

Aikin gida kuma, ku ƙirƙiri tauraro naku a wata ƙasa da babu ita. Ku rubuta shafi ɗaya yana yin wani ƙaramin aiki na yau da kullum, kamar sayen abinci ko gyaran takalmi. Ba a yarda ku faɗi ko mutumin kirki ne ko mugu ba, ba a kuma yarda ku ba da tarihin ƙasar kai tsaye ba. A zama na gaba kowa zai karanta nasa, sauran ɗalibai su faɗi abin da suka gano game da mutumin da ƙasarsa.